Mangwaron Kan Iyaka

Laraba, 28 ga Disamba 2011, bayan azahar

Shekara goma sha takwas ke nan ina cewa Gaiya ya ci mini iyaka. Na faɗa wa mai unguwa na da, ya rasu bai amsa mini ba. Na faɗa wa ɗansa da ya gaje shi, ya ce in yi haƙuri. Haƙuri amsa ce? Na faɗa a ƙofar masallaci, na faɗa a ofishin filaye, na faɗa wa matata Mariyamu har ta kai da na ɗauko zancen sai ta fara hamma. To tunda mutane sun toshe kunne, bari in faɗa wa takarda, ita ba ta katse mutum. Ban taɓa zama a aji ba. Baƙaƙen nan a hannun wani akawun sito na tsince su, zamanin da nake dako a tashar jirgin ƙasa. Wanda ya ga rubutun ya karkace ya miƙe shi a ransa.

Filin yana Maitumbi, nan Minna. Marigayi Gimba, Bagwari, shi ya sayar mini, lokacin wurin duk gonar doya ce. Ya tsaya da ƙafarsa ya ce, daga surin nan ka ja igiya biyu zuwa gabas, naka ne. Suri ya ce. Da kunnena na ji. Aiki ya kai ni Kaduna damina uku. Na dawo na tarar Gimba ya riga mu, Gaiya ya sayi filin da ke yamma da ni ya yi gini, ya kuma dasa mangwaro wajen taku goma cikin nawa, ga suri can a bayan bishiyar yana kallonmu. A ranar na rantse ba zan sa mangwaron nan a bakina ba sai gaskiya ta fito.

Ga inda abin ya kawo mu. Magadan gidan da muke haya a Limawa sun sayar da shi, sabon mai gida ya ba mu zuwa ruwan farko. Ɗana Rilwanu direba ne a wani kamfani a Abuja, ƙungiyar ma'aikatansu za ta ba shi rance ya yi mana ɗaki biyu, amma sai sun ga takardar fili da sunana. Takarda kuwa tana ofis tun watan azumi. Wai fili mai rigima ba a yi masa takarda sai safiyo, mai awon gwamnati, ya je ya kafa turakun siminti a gaban masu iyaka biyu. Ndagi magini ya rubuta mana ƙiyasin aikin gaba ɗaya, daga fandisho har kwano da ƙofa, ya ce farashin nan zuwa ƙarshen shekara ne, bayan nan hannunsa ya fita. Shekara kuwa ga ta tana tattara kayanta.

Gaiya ya kwashi iyalinsa ya tafi garinsu a kudancin Kaduna. Kirsimeti ya ce. Amma tun bam ɗin da ya tashi a coci ran Lahadi a hanyar Abuja, ba wanda ya san ko zai dawo.

Rilwanu ya bi ta wurin da safiyar ranar. Ya kira. Muryarsa ce, sai da na sa ya faɗi sunan kakarsa. Alhamdulillahi. Ba zan ƙara komai a kan wannan ba.

Alhamis, 29 ga Disamba, da hantsi

Na je ofis. Bencin nan ya san ni, ni ma na san inda ƙusarsa take. Akawun ya ce safiyo yana hutu, amma fayil ɗina yana tafiya. Na ce masa wace hanya ya bi, in je in tare shi? Ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Asabar, 31 ga Disamba, bayan la'asar

Na sami Ndagi a wurin buga bulo. Banufe ne ɗan Bida, ni kuwa ubana Bakatsine ne da ya zauna Kagara, don haka tun daga nesa ya fara, wai bawansa ya zo gaisuwar sabuwar shekara hannu wofi. Na ce masa ban taɓa ganin ubangiji da ƙurar siminti a gemu ba. Muka zauna a kan bulo.

Na roƙe shi ya ƙara wa takardarsa wata ɗaya. Ni Sanda, na roƙa. Na ce a zamaninmu idan mutum ya yanka farashi ya yanka, ba a cewa magana ta lalace kamar ɗanyen kifi.

Ya ce, "Baba, maganata ba ta lalace ba. Siminti ne ba ya jin Hausa, ba ya jin Nufanci."

Na ce to a fara haƙa ko ba takarda, in nemo abin da zan nemo. Ya girgiza kai. Ya nuna mini wani gida can gefen hanya da aka shafa wa jan fenti, ya ce ba zai ɗora bulon tsoho a inda za a zo a rushe ba. Ya kuma ce dama wajen da na nuna masa ƙasar tana da laushi, ga gara, shi ya sa fandishon ya ci kuɗi haka. Na ce ƙasata ce, ba laushinta na tambaye shi ba.

Ya raka ni har titi, ya tsayar mini da keke napep, ya biya. Na bar shi ya biya. Hakkin bawa ne.

Litinin, 2 ga Janairu 2012, da safe

Man fetur ya ninka a dare ɗaya. Ƙiyasin Ndagi ya zama takardar ƙunsa ƙosai.

Laraba, 4 ga Janairu, bayan azahar

Sabon mai gida ya zo da mutum biyu suna auna tsakar gida, mu muna zaune. Igiyar awon ta bi ta kan turmin Mariyamu, ba wanda ya ce mata sannu. Shago zai yi. A ɗakin nan aka haifi Rilwanu, a nan muka yi wa ƙanwarsa wanka muka kai ta makwanci. Shago.

Da suka fita Mariyamu ta fara jera kwanoninta cikin buhu. Gwiwarta ta kumbura, a zaune take yin komai yanzu. Ba ta dube ni ba ta ce, "Malam, da ka bar wa mutumin nan taku goman nan, da tuni muna da takarda."

Na ce ko taku ɗaya. Ta ce to mu shimfiɗa tabarma a kan taku goman idan ruwa ya sauko. Shekara arba'in da aure, yau ce ta fara yi mini irin wannan. Na fita. Tuwon kasuwa ba gishiri.

Litinin, 9 ga Janairu, da hantsi

Yajin aiki. Ofis a kulle. Fayil ɗina da ke tafiya ya samu inuwa ya kwanta.

Juma'a, 13 ga Janairu, bayan masallaci

Na dawo gida. An sassauta dokar hana fita.

Mariyamu ta gan ni a bakin ƙofa ta zauna a ƙasa, sannan ta tashi ta ɗora mini ruwan wanka. Rilwanu ya yi ta faɗa a waya kamar shi ya haife ni. Na bar shi ya gama.

Ran Laraba da safe na fita, tun kafin hayaƙin zanga-zanga ya tashi a tsakiyar gari. Ba keke, ba mashin, da ƙafa na je Maitumbi. Filina na je dubawa. A irin wannan rana mutum yana duba abinsa. Na zauna a gindin mangwaron da ke cikin filina. Ya yi fure har ya yi fari, ƙudan zuma sun cika shi da ƙara.

Wajen azahar wasu samari suka zo ƙofar gidan Gaiya, ɗaya da ƙarfe a hannu, suna leƙa taga. Ba 'yan unguwar ba ne. Na tashi na tsaya a bakin ƙofar. Na ce gidan ɗan'uwana ne, ya bar mini amana, wanda zai shiga ya fara ta kaina. Ƙarya na yi, Allah ya yafe mini. Babbansu ya dube ni, ya dubi sandata, ya ce tsoho ka ci sa'a. Suka wuce.

Kada wani ya karanta wannan ya ɗauka wani abu. Idan gidan ya ƙone mutumin ba zai dawo ba, idan bai dawo ba wa zai tsaya mini a gaban safiyo? Lissafi ne kawai.

Doka ta rutsa da ni can, na zauna a zauren mai unguwa. Kajin mutumin sun rame. Na roƙi tsakin dawa na watsa musu. Kaza ba ta ci iyakar kowa ba.

Alhamdulillahi. Garin ya yi shiru. Alhamdulillahi.

Talata, 17 ga Janairu, bayan azahar

An janye yajin aiki. Yau na ga safiyo da idona, ashe mutum ne. Dogo, mai sanyin magana, ya ba ni kujera ba benci ba. Ya saurare ni tun daga Gimba har yau bai duba agogo ba. Rabon da a saurare ni haka na manta.

Ya ce shi ba alƙali ba ne, inda masu iyaka suka yarda nan yake kafa turke. Ya ce in kawo Gaiya, in kuma nemo wani daga gidan Gimba da ya san yadda aka yi cinikin. Na ce ba sai an wahalar da kowa ba, ga suri nan tsaye, shi ne shaidata.

Ya ce, "Baba, suri ba ya sa hannu."

Ya sa mana Alhamis ta mako mai zuwa, in mutumin ya dawo. In.

Alhamis, 19 ga Janairu, bayan la'asar

Ndagi ya zo har gida, bai tsokane ni ba, tun nan na san ba alheri. Ya zaga kasuwa ya tambayo siminti, rodi, kwano, tifar yashi. Komai ya hau mota ya biya sabon kuɗin mai. Abin da rancen Rilwanu zai iya yanzu, ko ɗaki biyu ba rufi, ko ɗaki ɗaya da rufi. Mariyamu ta ce ɗaya ya ishe mu, mu biyu ne. Na ce ita da gwiwarta da kwanoninta da buhun hatsi da ni duk a ɗaki ɗaya, in Rilwanu ya zo da matarsa su kwana a kan bishiya? Na yi wa matar nan alkawarin ɗakinta na kanta tun gashina yana baƙi. Ban faɗi wannan a gabansu ba.

Da Ndagi ya tafi ta ce ko ɗaya ko biyu, sai an kira Gaiya. Na ce ba ni da lambarsa, kuma ko ina da ita. Sai ta zaro wayarta daga bakin zani ta ce tana da ta Sara, matarsa. Na ce tun yaushe? Ta ce tun da aka fara waya.

Na fita tsakar gida. Igiyar shanya ce ta saki nake gyarawa, kusa da taga. Na ji tana cewa, gidanku lafiya lau, ko tsinke ba a taɓa ba, ku tambayi mai unguwa wa ya tsaya. Ba aikenta na yi ba.

Litinin, 23 ga Janairu, bayan magariba

An ce an ga hayaƙin girki a gidan mutumin. Na ci tuwo malmala biyu. Sanyi ne ke sa yunwa.

Alhamis, 26 ga Janairu, da yamma

An kafa turaku. Na dangwala yatsa. Kaina yana ciwo.

Asabar, 28 ga Janairu, da hantsi

Zan rubuta yadda aka yi, don kada gobe wani ya ƙara masa gishiri.

Mun taru da safe, ni da safiyo da mai unguwa da Gaiya. Ya rame. Furfura ta cinye masa kai, ban lura ba sai ranar, don na daɗe ban dube shi sosai ba. Ya zo ya kama hannuna da hannu biyu ya ce, "Malam Sanda, mai unguwa ya gaya mini." Na ce filina na zo dubawa. Ya ce ya sani. Bai saki hannun ba sai da na zare.

Sai ga matar marigayi Gimba, 'yarta ta riƙo ta. Ta tsufa ƙwarai, Hausarta kaɗan ce, 'yar ce ke juya mana. Na kai ta gaban suri na ce ga shi, ta faɗa musu. Ta zaga shi, ta buga shi da sandarta, ta yi wata 'yar dariya ta faɗi wani abu. 'Yar ta ce wai wannan jikan wancan ne. Wai surin da mijinta ya nuna mini, ita da matan unguwa suka haƙe shi ƙarƙaf a rani na gaba, suka yi daɓen ɗakuna da ƙasarsa. Gara da aka rushe wa gida ta matsa gaba ta sake wani.

Na ce magana ce kawai, kowa yana da baki. Tsohuwar ta ce a kawo fartanya. Wai mijinta bai yarda da suri ba, bai yarda da bishiya ba. Duk filin da ya sayar, bayan mai saye ya tafi, sai ya ɗauki tsohon tulu daga ɗakinta ya fasa, ya binne wuyan a kusurwar farko, gindin a ta ƙarshe. Tuluna nawa ya ƙarar mata a haka, har yau tana jin haushi. Ta nuna gindin mangwaro.

Na karɓi fartanyar da kaina, kada a ce an yi mini dabara. Saiwa ta yi yawa. Da na gaji Gaiya ya karɓa. Da ya gaji na karɓa. Mun kai kamu ɗaya da rabi sai ƙarfe ya yi ƙara. Wuyan tulu, baƙi, saiwa ta ratsa ta cikinsa kamar yatsa a zobe. Tsohuwar ta goge shi da bakin zaninta ta nuna zanen da ke jiki, ta bugi ƙirjinta. Ginin hannunta ne.

Na jingina fartanyar a jikin bishiya.

Gaiya ya ce, a hankali, da ya zo ya tarar ramin tsohon surin, matan suka gaya masa nan ce kusurwa, shi ya sa ya dasa bishiya a wurin don kada iyaka ta ɓace mana mu biyu. Ya ce, "Na faɗa maka tun ranar da ka dawo daga Kaduna. Ka ce in rufe maka baki."

Ban tuna da wannan ba. In ma ya faɗa, bai faɗa yadda za a ji ba.

Ina shirin tafiya safiyo ya ce saura gabas. Aka ja igiya biyu daga mangwaro. Ni duk shekarun nan daga sabon suri nake jan tawa, tana tsayawa kafin falalen dutsen nan da awaki ke kwanciya a kai. Wannan karon igiya ta haye dutsen ta sauka bayansa. Aka haƙa. Gindin tulu. Aka haɗa shi da wuyan, zane ya bi zane.

Wato abin da ya fita ta yamma ya shigo ta gabas. Ban rasa ko taku ɗaya ba. A rubuta wannan: na ce ko taku ɗaya, kuma ko taku ɗaya ban bayar ba. Sai dai an musanya mini ƙasa mai kyau da dutsen awaki.

Sara ta fito da ruwa a kofi. Na sha. Ruwa ba ya cikin rantsuwar.

Laraba, 1 ga Fabrairu, bayan la'asar

Na kai Ndagi ya ga inda aka jefa ni. Na ce masa ya rubuta ƙiyasin ɗaki ɗaya mu huta. Ya hau falalen dutsen, ya yi ta dukansa da diddige, ya sauka ya tona gefe da tsinken rodi, ko taƙi biyu bai yi ba ya tarar da dutse. Ya koma can ya sake. Sai ya zauna ya fara dariya har hularsa ta faɗi.

Na ce in haukan Nufawa ne ya motsa ya faɗa mini in nemo igiya.

Ya ce fandishon da ya rubuta mini a da, rami ne har ƙugu, da rodi, da kankare, da maganin gara, don ƙasar can ba ta riƙe gini. Nan kuwa Allah ya riga ya zuba nasa fandishon tun kafin a haifi kakana. Ba rami mai zurfi, ba rodin ƙasa. Duwatsun da ke zube a gefe su za su tashi tushe, matan da ke fasa tsakuwa a bakin hanya za su fasa mana a nan, su ɗauki rabonsu, ba tifa ba kuɗin mai. Ya zaro biro ya yi ta rubutu a gwiwarsa. Ɗaki biyu, da rufi. Ƙofofi na hannu, filastar waje sai baɗi. Rancen zai kai, da ƙyar, amma zai kai.

Sannan ya taka zuwa inda muka kafa tsinke a watan azumi, inda na ce a nan ɗakin Mariyamu zai zauna. Ya tsaya a kai ya dubi sabon turken safiyo. Turken yana tsakanina da shi.

Ya ce, "Baba, da takardar nan ta fito a kan lokaci, da kuɗi sun zo, da yanzu gadon Mama yana cikin filin Gaiya, gara tana cin katakon rufi."

Na zauna a kan dutsen. Da ɗumi. Awakin sun san abin da suke yi. Na daɗe a zaune, Ndagi ya yi kamar yana duba waya.

Sabon ƙiyasin zuwa ƙarshen wata ne. Na ce ya rubuta, sai ranar da takarda ta fito. Ya ce in je in gaya wa siminti.

Na dawo na faɗa wa Mariyamu ɗaki biyu. Ta ce to. Ta juya baya tana gyara buhun kwanoni wanda ba abin da ya same shi.

Litinin, 6 ga Fabrairu, da safe

Hutun Mauludi. Ofis a kulle. Watan nan gajere ne, ba wanda ya gaya wa gwamnati?

Laraba, 8 ga Fabrairu, bayan azahar

Fayil ya farka. Na gan shi da idona a hannun masinja, ya yi kauri, bakinsa ya yi baƙi. Akawun ya ce tunda ba rigima, saura hannu biyu. Na ce rigima dama ba ni na kawo ta ba, gara ce. Ya rubuta wani abu. Ina fata gara ya rubuta.

A bakin ƙofa na ci karo da Gaiya. Wai ya zo wata sabga tasa. Ya zauna a bencina har aka tashi, sabgar ba ta fito ba. Na nuna masa inda ƙusar take.

Talata, 14 ga Fabrairu, bayan la'asar

Ta fito.

Ba babbar ba ce, wai ta farko ce, babbar sai nan gaba, amma ƙungiyar su Rilwanu ta ce wannan ta isa. Sunana yana jiki, na karanta shi da kaina, sau uku. Mariyamu ta sa ta a leda, ta sa ledar a cikin babbar kwalla, ta rufe, ta zauna kusa da ita kamar mai gadin jariri.

Na yi nafila. Barci ya ɗauke ni a kan buzu da rana tsaka, abin da ban yi ba tun azumi.

Alhamis, 23 ga Fabrairu, da yamma

An ɗora dutsen farko. Ndagi ya karɓi kuɗin siminti tun kafin takardarsa ta sake mutuwa, buhuna suna jibge a zauren mai unguwa. Ruwan gini daga rijiyar Gaiya ake ja. Ban roƙa ba, da safe muka tarar ya buɗe ƙofar baya ya ajiye guga. Ndagi ya ce in Allah ya so kwano zai hau kafin hadari ya haɗu.

Na kawo Mariyamu a keke ta ga ɗakinta. Ta taka har tsakiya da sandarta, ta tsaya, ta ce taga ta dubi gabas. Ndagi ya ce an gama, Mama. Ni da na ce ta dubi kudu ba wanda ya ji.

Alhamdulillahi. Na faɗa, na sake faɗa.

Asabar, 25 ga Fabrairu, bayan azahar

Yanzu ga sabuwa.

Jiya Mariyamu da Sara suna zaune a gindin bishiyar suna tsinkar zogale, kai ka ce tare aka yaye su. 'Ya'yan mangwaron sun kai ƙwan kaza, rassan gabas sun sunkuyo cikin filina. Na ce, don a sani, ni dai rantsuwata tana nan, shekara goma sha takwas ban san ɗanɗanonsa ba. Sara ta dubi Mariyamu. Mariyamu ta ci gaba da tsinka.

Ta ce, "Malam, wanda nake yanka maka a faranti duk bazara, kana cewa babu irinsa a kasuwar Minna, ka taɓa ganin na je kasuwa na sayo?"

Tun yaushe? Tun shekarar da ya fara 'ya'ya. Sara ke aiko da shi a ƙarƙashin ganye. Har ƙwallon nake tsotsa.

Na je wurin liman. Na ce wanda ya rantse ba zai ci abu ba, aka ba shi ya ci bai sani ba, shekara da shekaru, me ke kansa? Ya rufe baki da rawani, kafaɗunsa suna rawa, ya ce in dawo bayan Juma'a. Na ce kuma na rantse sai gaskiya ta fito, ga gaskiya ta fito amma ba wadda na rantse a kanta ba, rantsuwar ta warware ko tana nan? Ya ce bayan Juma'a.

Na je wurin mai unguwa. Na ce bishiyar nan a kan wuyan tulu take, daidai kan iyaka, rabin saiwarta ƙasata take sha. Wanda ya faɗo gefena nawa ne ko na wanda ya dasa? Ya ce in yi haƙuri. Ba amsa, irin na ubansa.

Gaiya ya ce in ɗebi duk wanda nake so, dama rabi nawa ne. Ba kyauta na tambaya ba. Hukunci nake nema.

Na samu takarda, na samu dutse, matata za ta kwana a ɗakinta kafin ruwa. Na gode wa Allah, na kuma gode wa wanda ya kamata, ya san kansa. Amma shekara goma sha takwas ina tambaya ana cewa in yi haƙuri, wannan karon ba zan yi ba. Ga bishiya nan a kan iyakar gidan da zan kwana, ina jin ƙamshinta tun yanzu. Liman, mai unguwa, safiyo, duk wanda takardar nan ta faɗa hannunsa: in ci ko kada in ci? Wani ya buɗe baki ya amsa mini, kafin ya nuna.